Yadda ake zaɓen shoka da gyara birkin baya kafin a gangara Hawan Kibo

Duk wanda ya saba bin hanyar Jos zuwa Abuja ya san wurin da hira ke yankewa a cikin mota. Ana wuce Riyom, hanya ta fara lanƙwasa tana gangarawa a Hawan Kibo, sai ka ji masu gardamar siyasa sun koma salati. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma ba ƙaramin kaso na wannan tsayin ake saukewa a wurin ba. A nan ne mota ke tona asirin abin da aka ɗaura mata a ƙafa.

Tawa Corolla ce 'yar 2006, irin ta Amurka, mai birkin durom a baya. Bayan wata tafiya da na ji bayan motar yana rawa a gangaren, birki kuma ya yi laushi, ban zame ko'ina ba sai gareji, na ce wa bakanikena a cire min durom ɗin nan a sa birkin faifai irin na manyan motoci. Dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ce, "Malam, bari mu ɗaga ta tukuna, sai mu san wanda za mu kama da laifi." Da aka ɗaga, shokar baya ɗaya ta tsiyaye sarai, silindar birki ta ɓangaren dama tana yoyo, lainin kuma, wato takalmin birkin da ke gogar cikin durom, ya yi nisa da durom don an daɗe ba a saita shi ba. Durom ɗin kansa lafiyarsa ƙalau. Da na bi son raina, da na zuba kuɗin faifai a kan matacciyar shoka.

Shi ya sa na jera matakan nan yadda na jera su. Ƙafa tukuna, sannan birki, canjin faifai kuma can ƙarshe, in ma har akwai buƙatarsa.

Matakin farko: gano abin da ya mutu

Akwai abin da masu mota da yawa ke cakuɗawa. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, ita shoka aikinta hana sifirin ɗin yin ta lilo. Idan bayan motarka ya zauna, yana gogar tudun rage gudu ko ba kaya, sabuwar shoka ba za ta ɗaga shi ba, sifirin ne ya gaji. Idan kuwa tsayin na nan amma ka faɗa rami motar ta yi ta sukuwa sau uku sau huɗu, to shoka ce.

Ajiye motar a wuri mai baje, but babu kaya. Ɗauki awo daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a duk ƙafafu huɗu, ka rubuta. Hagu da dama su zo kusan ɗaya. In bambancin ya wuce santimita ɗaya da rabi, a duba sifirin ɗin ɓangaren da ya yi ƙasa, wataƙila ma ya karye daga ƙarshen naɗinsa inda ido ba ya kaiwa. Sai ka danna kowane kusurwa da ƙarfi ka saki. Ya kamata ta taso ta tsaya. Wannan gwajin yana kama shokar da ta mutu murus ne kawai, mai rabin rai takan tsallake shi, don haka a haɗa da kallo: ɗan danshin mai a saman shoka ba komai ba ne, amma man da ya gangaro jikinta ƙura ta manne masa, wannan ta gama aiki. Shafa tafin hannunka a kan tayar baya. In ka ji tudu da kwari a jere kamar an yi ta ƙwaƙule ta da cokali, tayar tsalle take yi a kan kwalta.

Wannan tsallen shi ne ya haɗa maganar shoka da ta birki. Tayar da ke sama ba ta riƙe komai, ko da wane irin birki aka sa mata.

Ƙarar ƙwas-ƙwas a hanyar burji kuwa, sau da yawa ba shoka ba ce. 'Yar sandar sitabilaiza ce, ko bushin, ko boljoyin, kuma duk sun fi shoka araha nesa ba kusa ba. A sa ƙarfe a girgiza su ɗaya bayan ɗaya kana tsaye a wurin.

Na biyu: san ainihin motarka

"Corolla" ko "Camry" ba ya isa a kasuwa. Kwafi lambar chasis, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa. Motar da aka ƙera don Amurka da wadda aka ƙera don Turai suna iya zama suna ɗaya, shekara ɗaya, amma kayan ƙafa daban. Ko a cikin shekara ɗaya ma akwai bambanci: a Corolla ta Amurka ta tsakanin 2003 da 2008, CE da LE da S duk durom ne a baya, XRS ce ta zo da faifai. Accord ta 2003 zuwa 2007, mai LX mai silinda huɗu durom ce, EX faifai. Camry ta 2007 zuwa 2011 kuwa faifai ne gaba da baya. Riƙe wannan, zai yi amfani in mun zo maganar canji.

In za ka Dilimi a nan Jos, ko Apo da Gudu in kana Abuja, tafi da tsohuwar shokar a hannu tare da lambar da ke jikinta. A jera su a ƙasa, a gwada tsawo, da mazaunin sifirin, da kunnuwan da tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) ke maƙalewa. A motoci da yawa ta hagu daban, ta dama daban.

Na uku: wace shoka

Iri biyu ne a takaice. Akwai mai bututu biyu, wadda yawancin ƙananan motoci ke fitowa da ita daga kamfani: tana da laushi, tana da sauƙin kuɗi, kuma ko dutse ya ɗan lotsa jikinta na waje takan ci gaba da aiki. KYB Excel-G ta wannan layin ce, an yi ta ne ta maye gurbin ta asali. Sai mai bututu ɗaya, irin su KYB Gas-a-Just da Bilstein B6, mai iskar naitirojin da aka raba ta da mai. Ta fi saurin huce zafi, ba ta yin kumfa a doguwar hanya mai gargada, amma ta fi tauri, kuma iyali za su ji bambancin a bayansu. Wanda zirga-zirgarsa daga Rayfield zuwa Terminus ce, ko daga Kubwa zuwa sakateriya, mai bututu biyu ta ishe shi. Mai ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos ko Mangu kowane mako, shi ne ya kamata ya yi tunanin mai bututu ɗaya, in akwai ta motarsa.

Sai tambayar da ba ta ƙarewa a gareji: sabuwa ko ta Beljiyam? Masu ƙera shoka da kansu suna ba da shawarar a fara tunanin canji daga wajen kilomita 80,000. Motar da aka wargaza a Turai ko Amurka aka kawo kayanta, da wuya a ce ba ta haura wannan ba. Wato abin da kake saya ragowar rai ne, ba ka kuma san nawa ya rage ba. Duk da haka na fahimci masu gudun sabuwa, domin jabu ta yi yawa. Ni kaina na taɓa sayen wasu a kwali mai sheƙi wurin wani mai shago, ko damina ɗaya ba su fitar ba. A ganina sabuwa ta gaskiya daga wanda zai ba ka rasiti ya kuma yarda da sharaɗin dawowa ita ce ta farko, ta Beljiyam mai kyau ta biyu, sabuwa mai arhar da hankali bai yarda da ita ba kuwa ba ta cikin lissafi. Araha ba ta ado.

In ta Beljiyam za ka ɗauka, riƙe ta a tsaye ka danna sandar har ƙasa ka ja ta sama sau uku ko huɗu. Ƙarfin ya zama bai ɗaya tun daga farko har ƙarshe, babu inda za ta zurma fanko, babu ƙarar gurgur. Mai gas takan dawo da kanta a hankali. Sandar ta zama sumul, ba tsatsa ba karce. Wadda ka ga an yi mata sabon baƙin fenti, ko akwai alamar walda ko huji da aka toshe a jikinta, ajiye ta: an huda an ɗura mata mai ne. A sabuwa kuma duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta dace da ta kwali, ka dubi tsaftar waldar.

Biyu ake canjawa, hagu da dama, iri ɗaya, kamfani ɗaya. Kuma tunda an riga an kwance, a duba robar saman shoka da take ɗaure da jikin mota, da rigar da ke hana ƙura shiga sanda, da 'yar robar da ke tare ta in ta kai ƙarshe. Ƙurar hunturun Jos kaɗai ta isa ta cinye sil ɗin shokar da ba ta da riga.

Na huɗu: sifirin da maganar ɗaga mota

Kowa na son motarsa ta daina gogar ƙasa, ba laifi. Hanya mafi tsafta ita ce sabon sifirin na asali, domin sau da yawa tsayin da kake nema tsayin da motar ta rasa ne kawai. In har sai an ƙara, a tsaya a ɗan zoben ƙari na santimita biyu, iyaka uku, a kuma yi gaba da baya daidai. Wuce haka yana karkatar da shaf, yana ja wa tiyon birki, yana sa motar jirkicewa a kwana. Cusa guntun taya tsakanin naɗin sifirin, ko ɗauko sifirin ɗin babbar mota a yanke shi da wuta, duk kashe shoka ne da wuri.

Masu Golf 3 da makamantanta marasa ABS su kula da wani abu. A jikin gatarin baya akwai wani bawul mai ɗan hannu da sifirin, wanda ke auna yadda bayan motar ya zauna ya ƙara ko ya rage wa birkin baya ƙarfi. In an ɗaga motar ba a sake saita shi ba, lissafinsa ya rikice.

Masu jif irin GX470 mai jakar iska a baya da ke son komawa sifirin, ana yi, amma a sayi sifirin da aka yi don wannan canjin, ba wanda aka ga ya shiga kawai ba.

Na biyar: birkin baya, inda aka fi ɓarnar kuɗi

In ka taka birki nauyin mota gaba yake tafiya. A ƙaramar mota mai inji a gaba, birkin gaba ne ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin, wani lokaci fiye. Da gangan kamfani ya rage wa na baya ƙarfi, domin in tayoyin baya suka riga na gaba kullewa, motar juyawa take yi ta kalli inda ta fito, sitiyari kuma ba zai cece ka ba. Ka tuna da kwaltar Hawan Kibo a watan Agusta, ga ruwa ga hazo. Saboda haka abin nema a baya shi ne birkin da ke yin rabonsa daidai kullum, a sanyi da zafi, ba wanda ya fi ƙarfi ba.

Fara da mayar da durom yadda ya fito. A cire shi a duba lambar da aka zana a jikinsa, MAX DIA, wato iyakar faɗin da cikinsa zai iya kaiwa. In ya wuce, a canja, kada a sake kai shi wurin mai gogewa. Lainin da ya rage ƙasa da milimita biyu ya tafi. A ɗaga robar ƙaramar silindar da kanikawa ke kira fot, in akwai jiƙa a ciki a canja ta, kuma lainin da mai ya taɓa ba ya wankuwa, sai sabo. A warware 'yar kusar da ke saita lainin a tsaftace ta, don in ta ƙame birki yakan yi ta nisa har ka ji ƙafarka na neman ƙasa. A sa sabbin ƙananan sifirin ɗin ciki, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Akwai wata muguwar dabara da ya wajaba ka bincika, musamman in motar hannu ka saya. Fot na yoyo, maimakon a canja, sai a daddale bututun da guduma ko a toshe shi da ƙusa. Yoyo ya tsaya, birkin wannan ƙafar ma ya tsaya. A ɗaga bayan motar, wani ya taka birki, ka gwada juya kowace taya da hannunka.

Sai man birki, wanda shi ne gyara mafi araha kuma mafi tasiri ga mai bin gangare. Man birki yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, ka taka ka ji wayam. A zubar da tsohon gaba ɗaya duk shekara biyu, daga sabuwar gwangwani da ba a taɓa buɗewa ba. Motar da aka rubuta wa DOT 3 a murfi tana karɓar DOT 4. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, kada lambar ta ruɗe ka. Tiyon roba da ya tsattsage ko yake kumbura in an taka, shi ma a canja.

In motarka da ma faifai ce a baya, abin dubawa shi ne MIN TH da aka buga a gefen faifan, wato iyakar sirantarsa, da fad, wato takalmin da ke kama faifan, in ya sirance ya kai milimita uku, da kusoshi biyu na kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, da ya kamata su riƙa zamewa cikin sauƙi. Fad ɗin da ɓari ɗaya ya cinye ɗaya na nan, kusa ce ta ƙame. Wajen zaɓe, sunaye irin su Akebono da TRW da Bosch da Textar sanannu ne, kayan Turai na gaskiya kuma suna ɗauke da alamar R90. A gefen fad da yawa za ka ga haruffa biyu kamar EE ko FF ko GG: na farko ƙarfin kamunsa a sanyi, na biyu a zafi, kuma G ya fi F, F ya fi E. Kada na baya ya fi na gaba harafi.

To, in an yi duk wannan har yanzu faifai kake so fa? Yana da amfaninsa: ya fi huce zafi, ya fi saurin bushewa in an ratsa ruwa, canjin fad ya fi sauƙi. Abin da ba zai yi ba shi ne rage maka tazarar tsayawa sosai a taka ɗaya, wannan aikin taya ne da birkin gaba. Sharaɗina ɗaya ne: a yi shi kawai in akwai 'yar uwar motarka, ƙira ɗaya, da ta fito da faifai daga kamfani, a kuma kwaso kayan duka daga mota guda. Hob, da farantin baya, da mariƙin kalifa, da kalifa, da faifai, da tiyo, da wayoyin hambirki, domin na durom ba sa shiga. A tabbatar na'urar ABS ta ƙafar ta dace da kwamfutar motarka. A kuma tambayi abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya: a motar da ba ABS bawul ne, kuma na durom daban yake da na faifai, wani lokaci har da masta, wato babbar silindar da ke tura man birki, a mai ABS rabon yana cikin na'urar ne, an tsara shi da lissafin durom. Bakaniken da ka yi wa wannan tambayar ya ce maka "Oga, ba matsala, duk ɗaya ne," ɗauki motarka ka tafi. Mariƙin kalifa da aka yanka aka yi wa walda a bakin titi kuwa, ko kyauta ne ban yarda da shi ba.

Ni dai na bar durom ɗina. Kuɗin na sa a tayoyi huɗu sababbi, bayan na duba lambobi huɗun da ke gefensu masu nuna mako da shekarar ƙira.

Ranar ɗauri

Ka zauna a wurin, ko da za ka rasa aikin rabin yini. A sa motar a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba. A matse sifirin da abin matse shi, ba da igiya ko waya ba, domin in ya kuɓuce yana iya illata mutum. Shoka mai bututu biyu a tsayar da ita a danna a ja sau da yawa kafin a ɗaura, kuma kada a kama sandarta da filaya. Kusoshin da ke ratsa bushin, sai an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta ake yi musu ɗaurin ƙarshe. In aka ɗaure tana rataye, robar a murɗe za ta zauna, ta tsage cikin 'yan watanni.

Kalifar baya ta Golf da ta Accord, murɗa fistin ake yi yana komawa, ba a danna shi da ƙarfi. Ƙurar cikin durom kada a hure ta da baki ko da iska, a wanke ta, wasu lainin har yanzu da asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, a cikinsu. Giris ya tsaya a kusoshin kalifa, kada ya kusanci fuskar fad. Wajen cire iska a bi jerin da littafin motar ya faɗa, don ba duka ke farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta ba, kuma kada a bari kofin mai ya ƙafe. Ƙarfin ɗaurin notin taya na Corolla da Camry 103 Nm ne a sifana mai awo. Yaron da ke hawa kan sifana yana tsalle, shi ke lanƙwasa faifai ya kuma tsinke kusa. Daga nan a wuce wurin alaimen kai tsaye.

Kafin ka ɗauki iyali, nemi miƙaƙƙiyar hanya da ba mutane da sassafe. Ka kai kilomita 60 a awa, ka taka a hankali zuwa wajen 10 ba tare da tsayawa cak ba, ka maimaita sau takwas ko goma, sannan ka yi tafiyar 'yan mintoci ba birki don ya huce. Daga nan gwada taka mai ƙarfi sau ɗaya: motar ta tsaya a miƙe, ba ta ja gefe, bayan bai nemi wuce gaba ba. Ja hambirki a kan gangare ka ga ya riƙe. Kusanta hannunka da wilin baya biyu ba tare da taɓawa ba, in ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, yana kamawa, a koma a sassauta. Bayan kamar kilomita 100 a sake bin notin taya, a leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigon mai.

Ranar da za ka gangara Hawan Kibo kuma, tun daga sama ka sauke giya zuwa ta uku ko ta biyu, mai otomatik ya ja ta zuwa 2 ko L in gangaren ya yi tsanani, inji ya riƙe motar. Birki a taka da ɗan ƙarfi a saki, a taka a saki, kada a ɗora ƙafa a bar ta. In ka ji ƙaurin fad, ko birkin ya fara nisa, samu fili a gefe nesa da kwana ka tsaya ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwa.